Darussan da na koya a tsakar gidajen masu jego

A makon ƙarshe na horon da aka ba mu, kafin a raba mu ayari-ayari a tura mu jihohi, malamanmu suka ce kowace ta juya ga ta kusa da ita ta yi mata tambayoyin daga farko har ƙarshe, kamar dai a gidan mutane take. Wadda aka haɗa ni da ita wata baiwar Allah ce mai sanyin murya. Ta tambayi shekaruna da karatuna da irin ruwan da muke sha a gida, ina amsawa muna murmushi. Sai ta iso sashen da ake sa mace ta lissafa 'yan'uwanta waɗanda suka fito ciki ɗaya. Na ce mu bakwai ne. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ta tsaya a kan ta biyu.

"Tana raye?"

"Ta rasu."

"Tana da ciki lokacin da ta rasu?"

"A'a."

"A wajen haihuwa ta rasu?"

"A'a."

"Cikin wata biyu bayan ta haihu ne?"

Nan bakina ya yi nauyi. Yayata ta rasu a 2014, kwana tara da haihuwa, kwana biyu bayan suna. Zazzaɓi ya kama ta tun ana jibi suna, muka ce gajiyar baƙi ce, muka ce na sauro ne, aka sayo magani a kemis. Lallen da aka yi mata ko dushewa bai yi ba aka kai ta makwancinta. Shekara huɗu ana yi mana gaisuwa ana cewa kwana ne ya ƙare, mu ma mun yarda da haka har ga Allah. Amma a cikin shekara huɗun nan babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce, yaya aka yi? Yaushe ciwon ya fara? Wa ya duba ta? Ranar ce farko, kuma daga bakin wadda ba ta taɓa ganin Yaya ba.

Amsata ba ta shiga lissafi ba, tunda gwaji muke yi. Amma da ita na fita aiki, kuma ita ta hana ni gaggawa duk lokacin da na ga wata mace ta yi shiru a gabana.

Aikin shi ne Binciken Yawan Jama'a da Lafiya na Nijeriya, wanda aka fi sani da NDHS, zagayen 2018. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ta gudanar da shi, kuma shi ne na shida tun daga na farko a 1990. Daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Disamba ayarori suka bazu a jihohi 36 da Abuja, aka tattauna da mata 41,821 'yan shekara 15 zuwa 49 a gidaje sama da 40,000. Ba kowane gida ake shiga ba. Yadda ɗan kasuwar hatsi a Dawanau ke soka ƙarfe a buhu ya zaro 'yan ƙwayoyi daga sama da tsakiya da ƙasa ya san abin da ke ciki, haka ake zaɓo unguwanni da gidaje ta hanyar ƙuri'a, don kada son rai ya shiga. Ayarinmu ya yi aiki a wata jiha ta Arewa maso Yamma. Mun fara ana tsakiyar damina mota na kafewa a laka, muka gama hunturu ya kankama, an kai gero rumbu. Ga abin da na koyo.

Darasi na farko: tambaya ma tana da sallama

An fassara mana tambayoyin zuwa Hausa, an zuba su a ƙaramar kwamfutar hannu. Sai dai fassarar kalma daban, sanin gida daban. A makon farko na zauna da wata mata a gindin turmi, na karanto abin da ke rubuce: "Mene ne sunan ɗanki na fari?" Ta sunkuyar da kai, ta ja bakin mayafi ta rufe baki. Abokiyar zamanta da ke tankaɗe can gefe ta ce, "Haba Malama, kamar ba Bahaushiya ba?" Gaskiyarta. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ni ma a gidan da ake wannan kunyar na tashi. Daga ranar sai in kira ƙaramin yaro in ce ya faɗa mini sunan babban yayansu, uwar kuma ta gyaɗa kai.

Haka in ka ce, "'Ya'ya nawa kika haifa?" sau da yawa amsar ita ce, "Alhamdu lillahi." Ba ƙin amsa ba ne. An tashe mu a kan cewa ba a ƙirga 'ya'ya, tsoron baki da tsoron kambun baka. Sai na koyi shiga ta ƙofar da aka saba. In fara da barka, in yi wa na goye wasa, in ce Allah ya raya, sannan mu bi su ɗaya-ɗaya, wa ke bin wa, wa aka yaye aka sami cikin wa.

Shekaru kuwa su ne babban aiki. Mafi yawan matan da na zauna da su ba su da takardar haihuwa. Sai mu koma ga abubuwan da kowa ke tunawa: an haife ki kafin canjin kuɗi na 1984 ko bayansa? Lokacin sanƙarau na 1996 kin isa ɗaukar tallan fura? Da Abacha ya rasu a 1998 an yi miki aure? Da 'Yar'aduwa ya rasu a 2010 wa kike goyo? Wani zai ga kamar ɓata lokaci ne. Amma binciken ya nuna kashi 19 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 sun riga sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari. Da kowace mai tambaya za ta dubi fuskar yarinya 'yar shekara 16 ta rubuta 20 don ta huta, da wannan adadin ƙarya zai zama, kuma a kansa za a gina shiri. Ingancin lissafin ƙasa yana farawa ne daga haƙurin mace ɗaya a kan tabarma.

Darasi na biyu: akwai waɗanda ba a yanka wa rago ba

An koya mana cewa idan muka ga tazara mai tsawo tsakanin haihuwa biyu, mu sake tambaya a hankali. Wata dattijuwa, wadda ta kusa hamsin, ta lissafa mini 'ya'ya shida. Tsakanin na uku da na huɗu na ga shekara biyar.

Na ce, "Inna, a tsakanin nan babu wani? Ko da wanda ya yi kuka sau ɗaya ne, ko ya motsa?"

Ta daɗe tana kallon ƙasa tana wasa da tsinke. Can ta ce, "Akwai biyu, 'yar nan, amma ba su zauna ba. Ɗaya da magariba ya zo, kafin asuba ya koma. Ɗayar ta kwana uku. Ba a kai ga suna ba." Ta ɗago ta dube ni. "Su ma ana rubutawa?"

Na ce, "Ana rubutawa, Inna."

Ta ce, "Na ɗauka ni kaɗai nake tuna su."

A al'adarmu jaririn da ya koma kafin kwana bakwai ba a cika ambatonsa ba. A rufe shi, a ce wa uwar ta yi haƙuri, Allah ya kawo mai albarka, rayuwa ta ci gaba. Haƙurin abu ne mai kyau. Amma shirun da ke tare da shi yana ɓoye wa ƙasa girman matsalarta. Rahoton ya nuna cewa a cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa da rai, 39 ba sa cika wata ɗaya, 132 kuma ba sa kai shekara biyar. Kwanakin farko su ne mafi haɗari, kuma su ne waɗanda muka fi yin shiru a kansu. Abin da ke kashe jariri a ranar farko, kamar doguwar naƙuda ko haihuwar bakwaini ko ƙazantar cibiya, yakan fito ne daga rashin kulawar da ke barazana ga uwar ita ma. Duk jaririn da aka manta a lissafi, an ɓoye wata shaida ce game da halin da uwarsa ta haihu.

Darasi na uku: kada ka yanke wa mace hukunci kafin ka ji ta bakinta

Na fita daga birni da wani tunani da na sha ji a bakin 'yan boko: wai matan karkara ba sa zuwa asibiti saboda jahilci. Wata huɗu suka wanke mini wannan tunanin.

Ka'idar aikin ita ce mace ke yi wa mace tambaya, kuma a keɓe. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a gidan da uwar miji ke son jin komai. Sai na roƙi arziki: "Hajiya, a ba ni aron 'yarki na ɗan lokaci, maganar mata ce, yanzu zan dawo miki da ita." In an keɓe, muryar mace takan canza. Wadda a gaban mutane ta ce, "Mu a gida muke haihuwa, haka muka gada," ita ce a bayan ɗaki za ta ce maka wani abu daban.

Wata ta nuna mini katin awonta, ta adana shi a leda cikin kwalla, an cike layi biyar. Na ce, "To 'yar'uwa, kin je awo har sau biyar, me ya hana ki haihuwa a can?" Ta ce, "Naƙuda ba ta san rana ba. Ƙarfe ɗayan dare ta zo. Asibitin garinmu da la'asar ake kulle shi. Babban kuwa sai an haye rafi, ga damina." Wata ta ce an ba ta jerin kayan da za ta kawo, safar hannu da auduga da reza da sabulu da man wanke ƙasa, maigidan ya duba ya ce a jira a sayar da gyaɗa. Wata ta ce a haihuwarta ta baya an yi mata tsawa, an ce da tana jin daɗi ba ta yi ihu ba, ta rantse ba ta ƙara komawa. Wata kuma maigidan yana cirani a Kudu, babu wanda zai ba da izini, aka zauna ana kiran wayarsa ba ta shiga.

Alƙaluman sun gaskata su. Kashi 67 cikin 100 na iyaye mata sun je awo wurin ƙwararre, kashi 57 sun je aƙalla sau huɗu, amma kashi 39 kacal na haihuwa aka yi a asibiti. A Arewa maso Yamma kashi 16 ne. Wannan rata da ke tsakanin awo da haihuwa ita ce labarin. Macen da ta tako da tsohon ciki ta bi layi sau huɗu ba ƙin asibiti take yi ba. Da aka tambayi mata abin da ke hana su neman magani, rashin kuɗi ne ya zo kan gaba da kashi 46, nisa ya biyo da kashi 26.

Masana suna kiran abin jinkiri uku: jinkirin yanke shawara a gida, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Kowanne da mai alhakinsa. Na farko yana hannun maigida da iyaye. Na biyu yana kan hanya da mota. Na uku yana wuyan hukuma da ma'aikata. Ita mai naƙudar, wadda aka fi ɗora wa laifi, ita ce mafi ƙarancin iko a cikin ukun.

Ba na musun tasirin ilimi. Tun tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya, ya nuna cewa waɗanda suka fi mutuwa su ne waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba sai da abu ya ɓaci aka kawo su ranga-ranga, kuma ya nuna karatun 'ya mace yana cikin manyan abubuwan da ke raba mai rayuwa da mai mutuwa. Shekara arba'in bayan haka bincikenmu ya sake samun abu ɗaya: a cikin matan da suka wuce sakandare kusan tara cikin goma a asibiti suke haihuwa, waɗanda ba su shiga aji ba kuwa ba su kai biyu cikin goma ba. Sai dai wannan hujja ce a kan waɗanda suka hana ta makaranta. Ba dalilin zaginta ba ne ranar da take durƙushe.

Darasi na huɗu: a sha'anin jini, ido ba ya sanin kima

Muna cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kasuwa haka ne. A jikin mai ciki ba haka ba ne.

A wasu gidajen da aka ware, ma'aikatan lafiya na ayarinmu sukan ɗan soki yatsa su ɗiga jini a wata 'yar na'ura, nan take a ga ƙarfinsa. Akwai wata mai ciki wata bakwai da muka tarar tana sussuka. Ta yi mana shimfiɗa, ta kawo ruwa, tana ta raha. Ta ce lafiyarta ƙalau, sai dai jiri in ta miƙe, da haki in ta ɗebo ruwa, "irin na masu ciki dai." Da lambar ta fito, nas ɗinmu ta ja fatar idonta ta ƙasa ta duba, fari fat kamar takarda. Ta rubuta mata takardar zuwa asibiti, ta ce a kira maigidan. Ta ce masa, "Malam, matarka jininta ya yi ƙasa ƙwarai. In ta haihu a haka, ɗan jinin da kowace mace ke zubarwa ta tashi, ita zai iya kayar da ita." Mutumin ya karɓi takardar da hannu biyu. Washegari da sassafe muka gan su a kan babur sun nufi gari. Ba taurin kai ne da shi ba, babu dai wanda ya taɓa nuna masa.

Kashi 58 cikin 100 na matan da aka gwada a faɗin ƙasar suna da ƙarancin jini. Fiye da rabi ke nan, kuma yawancinsu suna daka suna shara ba su sani ba.

Bayan shekaru na ga wannan darasin ya fito a babban sikeli. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe iyaye mata a duniya. Likitoci sun ce in ya kai rabin lita, wato cikin ledar fiya-wata guda, an shiga haɗari. Amma jinin da ya jiƙa zane da katifa ya malala ƙasa, ido ba ya iya kimanta shi, sau da yawa sai mace ta fara sanyi ake farga. A 2023 aka fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a asibitoci 80 a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata sama da 200,000, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano tana cikin jagororinsa. Sai aka riƙa shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai aljihu da ma'auni a jiki, jinin na taruwa ana ganin lamba. Da ya kai iyaka, sai a haɗa mata duk matakan a lokaci guda: murza mara, allurar tsuke mahaifa, maganin tsayar da jini, da ƙarin ruwa. Zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayansa ya ragu da kashi 60 cikin 100. Magungunan dama akwai su. Abin da aka ƙara shi ne awo a kan lokaci. Leda mai ma'auni a ɗakin haihuwa da kwamfutar hannu a tsakar gida aiki ɗaya suke yi: suna nuna haɗari tun ana iya tare shi.

Darasi na biyar: sauka ba ita ce ƙarshen tafiya ba

In mace ta haihu mukan ce ta sauka lafiya, a yi guɗa, hankali ya koma kan jariri da hidimar suna. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa mutuwar uwa har zuwa kwana 42 bayan haihuwa. Mu kuma muna da arba'in. Kakanninmu ba su karanta littafin likita ba, amma sun gane cewa waɗannan kwanakin na lallaɓawa ne, shi ya sa suka ware su, suka ɗauke wa mai jego aiki, suka sa tsohuwa ta zauna da ita. Wannan gado ne mai daraja, kuma ƙasashe da dama ba su da irinsa.

Abin da ya rage shi ne mu zuba ilimi a cikin wannan kulawar. Kashi 42 cikin 100 ne kawai na iyaye mata aka duba lafiyarsu cikin kwana biyu da haihuwa. Shawarar likitoci ita ce a duba mai jego a ranar farko, a rana ta uku, a mako na biyu, sannan a mako na shida. Tsohuwar da ke dafa ruwan wanka ita ce ta fi kowa kusa da ita, don haka ita ya kamata ta fi kowa sanin alamun haɗari: zazzaɓi mai zafi, jini mai yawa ko mai wari, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi wanda kan zo kafin jijjiga, kumburin fuska da ƙafafu, da haki in an kwanta. Tun a shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin wanka da gashi. Ba cewa aka yi a watsar da jego ba. A rage kanwa, a sassauta zafin ruwa, a sa ido.

Wannan darasin ya fi kowanne yi mini ciwo. Muna zagaye da Yaya dare da rana, gida cike da masu ƙaunarta. Ba kulawa ta rasa ba. A cikinmu ne babu wanda ya san cewa zazzaɓin mai jego ba a kwana da shi.

Darasi na shida: adadi amana ne

Duk garin da muka shiga sai mun fara gaida mai gari. A wani ƙauye, bayan shugaban ayarinmu ya gama bayani, dagacin ya yi shiru, sannan ya ce, "An zo an ƙirga gidajenmu. An zo an ɗiga wa yaranmu magani. Yau kun zo ku ji labarin matanmu. Za mu ba ku, don baƙo ba a hana shi ruwa. Amma in kun kai lissafin, wa zai dawo?"

An hana mu yin alkawari, kuma daidai ne. Muka ce, "Ranka ya daɗe, namu mu kai gaskiya inda ake yanke shawara." Ya ce Allah ya sa. Har yau tambayarsa tana bina.

A ƙarshen 2019 rahoto ya fito. Daga amsoshin da mata suka bayar game da 'yan'uwansu, irin tambayar da ta ɗaure mini baki a ɗakin horo, aka ƙiyasta cewa uwa 512 ke mutuwa a kowace haihuwa 100,000. Kusan uwa ɗaya ke nan a kowace haihuwa 200. Ana bi ta bakin 'yan'uwa ne saboda wadda ta rasu ba za ta ba da labari ba, kuma mafi yawan mace-macenmu ba a yi musu rajista. Hanyar tana da giɓi: akwai wadda ta rasu da ƙaramin cikin da ba ta faɗa wa kowa ba, akwai wadda ba ta bar 'yar'uwar da za a tambaya ba. Ƙiyasin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya fi haka yawa. Sun ce a 2020 Nijeriya ta rasa iyaye mata kusan 82,000, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya, sama da mata 200 a kowace rana. Burin da ƙasashe suka sa wa hannu shi ne a sauko ƙasa da 70 a kowace haihuwa 100,000 nan da 2030. Ko wane adadi aka ɗauka, tafiyar da nisa.

A Ingila tun 1952 ake bin diddigin mutuwar kowace uwa a asirce, don a gano inda aka yi sake a gyara, ba don a kama wani ba. Mu ma muna da irin wannan tsarin a asibitocinmu. Sai dai a inda kusan haihuwa shida cikin goma a gida ake yin ta, mace za ta iya rasuwa da hantsi a rufe ta kafin azahar ba tare da wata takarda ta san ta wuce ba. Shi ya sa binciken gida-gida ya zama idon ƙasa. Kuma idon nan da tallafin waje aka daɗe ana riƙe shi. Hukumar USAID ta Amurka ce ta riƙa ɗaukar nauyin irin wannan binciken tun 1984 a ƙasashe sama da 90, kuma a farkon 2025 gwamnatin Amurka ta yanke tallafin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bai kamata ƙasa kamar Nijeriya ta jira baƙo ya biya kafin ta san adadin matanta da ke mutuwa ba.

Kuma inda aka ɗauki lissafi da gaske ana ganin aiki. Shirin Haihuwa Lafiya na Jigawa, da direbobin ƙungiyar NURTW da ke ɗaukar masu naƙuda cikin gaggawa a wasu jihohin Arewa, amsa ce ga jinkirin hanya da mata suka daɗe suna kuka da shi. A unguwarmu, bayan na karanta wa matan Islamiyyarmu waɗannan alƙaluman, muka buɗe ɗan asusu, muka ajiye lambobin masu mota biyu da suka yarda a tashe su ko ƙarfe nawa ne. Ƙaramin abu ne, amma shi ne gwargwadon amsar da zan iya ba dagacin nan.

Yarinyar da Yaya ta bari tana hannuna, ta shiga ƙaramar sakandare. Wata rana ita ma za a ce mata Allah ya sauke ki lafiya, kuma ina so a ce kafin ranar an gyara abin da ya ci uwarta.

Don haka 'yar'uwa, in mai tambaya ta yi sallama a gidanki ta nuna shaidarta, ki ba ta wuri, ki faɗa mata gaskiya, har da waɗanda suka koma kafin suna, har da 'yar'uwarki da haihuwa ta zama ajalinta. Maigida, ka ba da izini tun ciki yana ƙarami, ka ajiye kuɗin mota tun kafin watan ya tsaya, ka bar sallahu cewa ko ba ka nan a kai ta. Gwamnoni da 'yan majalisa, ku buɗe rahoton ku nemi layin jiharku, ku sa kuɗin binciken a kasafinmu, sannan ku mayar wa matan nan amsa da ungozoma mai kwana a asibiti, da jini a ma'ajiya, da hanyar da mota za ta bi da damina. Sun ba da sirrinsu ga baƙuwar da ba su taɓa gani ba saboda sun yarda za a yi aiki da shi. A riƙe musu amana.